Ƙarfen Da Ya Rufe Lamba, Da Jinin Da Ya Rasa Mai Biya

  

'Yan'uwa, ku yi mini uzuri, yau zan ɗan kauce daga darussan da muka saba, in yi magana a kan wani abu da ba a cika jin malamai suna ambatonsa a kan mumbari ba, wato lambar mota. Dalili kuwa shi ne, makonni kaɗan da suka wuce wata ɗalibata 'yar aji huɗu ta daina zuwa makaranta. Da na bincika sai aka ce mini mahaifinta ne ya rasu. Yana kan babur ɗinsa bayan magariba, a kan titin da ya zagaye birnin Kano ta gabas, wata tifa ta banke shi ta wuce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A wurin ta'aziyya na haɗu da wani mai shayi da abin ya faru a gabansa. Ya ce shi da kansa ya hau babur ya bi motar, har ya matsa kusa da ita fitilarsa tana haska bayanta. Ya karanta addu'ar neman tsari da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin bodi, ya ga zanen furanni, amma lamba sai jan harafi guda ɗaya ya iya gani, saboda an yi waldar wasu ƙarafa biyu a gicciye a kanta, ga kuma wata roba mai faɗi da ke lilo ta rufe ragowar. Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Har yau ba a san motar waye ba.

Tun daga ranar na kamu da wata ɗabi'a: duk babbar motar da ta wuce ni sai na dubi bayanta. Abin da nake gani ya ba ni tsoro. Wata an ƙara mata bamba ta ƙarfe daidai saitin lambar. Wata an saki tampol ya sauko ya lulluɓe ta. Wata an rataya sarƙa da ƙugiya da jarkar ruwa, wata safayar taya ce aka ɗaure a wurin, wata kuma baƙin mai da ƙura sun yi mata kanta har ba ka bambance ta da sauran ƙarfen mota, alhali madubin direba da gilashinsa suna ta ƙyalli, alamar akwai mai gogewa kullum. Tirela da tanka da tifa da gingimari, har da a-kori-kura, kowacce da irin nata mayafin.

Mene ne lambar mota? Wadda muke amfani da ita a Najeriya tun sabuntawar shekarar 2011 tana ɗauke da sunan jiha a sama, sai haruffa uku na ƙaramar hukumar da aka yi rajista, sai alƙaluma uku da haruffa biyu. Rubutun shuɗi na motar gida ne, ja na motar haya da kasuwanci, kore na gwamnati. A bayan waɗannan 'yan baƙaƙe akwai sunan mutum da adireshinsa a kundin hukuma. Ke nan ita ce igiya ɗaya tak da ta haɗa wannan tulin ƙarfe mai gudu da ɗan Adam ɗin da za a iya tambaya. In ka yanke igiyar, sai motar ta zama kamar ambaliya ko tsawa: ta yi ɓarna, babu wanda za a je wa.

Sanya wa dukiya alama ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Anas ɗan Malik (RA) ya kai ƙanensa jariri, Abdullahi ɗan Abu Ɗalha, wurin Manzon Allah (SAW), sai ya same shi riƙe da ƙarfen lalas yana yi wa raƙuman zakka alama da hannunsa mai albarka. Makiyayanmu ma har gobe suna yi wa shanunsu shaida, domin in saniya ta ɓace a san mai ita, in kuma ta shiga gonar wani a san wanda zai biya. To, mota ita ce dabbar wannan zamani, sai dai nauyinta ya ninka na raƙumi sau da yawa, gudunta kuma ba a magana.

Wanda duk ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wadda muke karantarwa a zaurukanmu da Islamiyyunmu, ya san cewa a babin jini da haddi an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, ko mai janta, ko mai kora ta. A kan wannan asali malaman zamani suka gina hukuncin direba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas da ta yi a ƙasar Burunai a shekarar 1414 bayan Hijira, daidai da 1993, ta zartar cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin suna cikin ɗa'a ga shugabanni a kan abin da suka tsara don maslahar jama'a, kuma direba yana lamunce ɓarnar da ya jawo ga rai ko dukiya, sai dai in abin ya auku ne ta hanyar da ta fi ƙarfinsa ko kuma da laifin wanda aka buge.

Hukuncin kisan kuskure kuwa Allah da kansa ya yanke shi a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i. Abu biyu ne. Na farko diyya ga iyalan mamaci, sai in sun yafe. Na biyu kaffara, wato 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Diyyar namiji Musulmi raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. In aka auna dinari a kan giram 4.25, zinariyar ta kai kilo huɗu da kwata. Dubi girman abin, ya ɗan'uwa! Shari'a ba ta ma bar mai kuskure shi kaɗai da wannan nauyi ba, ta raba shi a kan danginsa na wajen uba, su biya a hankali cikin shekaru uku. Duk wannan tsari mai cike da rahama yana tsayuwa ne a kan sharaɗi guda: a san wanda ya yi. Mai rufe lambarsa, ko ya sani ko bai sani ba, ya shirya tun kafin ya tayar da inji cewa in ƙaddara ta faɗa, wannan ayar ba za ta same shi ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai mu Hausawa ba ma karɓar diyya, yafewa muke yi. Gaskiya ne an saba da hakan, kuma yafiya alheri ce. Amma yafiya tana da mai ita. Mutum yana yafe abin da yake da ikon karɓa ne, ga wanda ya zo ya durƙusa ya ce na yi kuskure. Matar da ba ta san wanda ya kashe mijinta ba, ba yafewa ta yi ba, dangana ta yi don dole. Sannan a cikin diyya akwai rabon marayu ƙanana, kuma malamai sun yi bayani cewa waliyyi ba shi da ikon sarayar da haƙƙin yaro a banza. Ita kuwa kaffara tana nan a wuyan direba ko da duk dangi sun yafe.

Ba zan zalunci direbobi ba, domin a cikinsu akwai iyayen ɗalibaina, kuma na zauna da wasunsu na ji ta bakinsu. Wani ya ce mini bambar ƙarfen don kare fitilu aka yi ta, saboda ƙananan motoci da masu adaidaita sahu suna yawan dukan su ta baya. Na yarda. Amma lamba da noti biyu ake ɗaure ta, mai waldar da ya iya ƙera bamba ba zai kasa matsar da ita taƙi ɗaya sama ba. Wani ya ce in ka buge mutum ka tsaya, jama'a za su kashe ka su ƙone motar. Wannan ma yana faruwa, kuma ta'asa ce da babu wani malami da zai halatta. Masu yin ta suna da kaso a cikin zunubin kowane direba da ya gudu don tsoro. Sai dai wanda ke tsoron ransa ofishin 'yan sanda mafi kusa yake nufa ya miƙa kansa, kuma bayyanar lambarsa ba ta hana shi yin hakan.

Hujjar da suka fi ƙarfafawa ita ce ta jami'an hanya. Suka ce daga Kano zuwa Legas, Allah kaɗai ya san shinge nawa za ka tsaya, kowanne da hannu a miƙe, ga kyamarorin Legas masu karanta lamba su aiko maka da tara. Ban musa ba cewa ana cutar direbobi a hanya. Amma mu yi wa juna adalci: jami'in da ke tsaye a shinge ba ya bukatar karanta lambarka kafin ya tsayar da kai. Ga ka ga shi, ga takardunka a hannunsa, hasali ma ka ƙara ba shi dalilin da zai tatse ka. Rufe lamba ba ya ɓoye ka daga mai kaki. Wanda yake ɓoye ka daga gare shi shi ne mai shayin nan da ya bi ka a babur, da yarinyar nan 'yar aji huɗu. Game da kyamara kuwa, in tarar da ta rubuta maka ta zalunci ce, akwai hanyar ƙorafi da ƙungiya da kotu. In kuma gudun ka yi da gaske, to me ya rage na magana?

Su ma hukumomin ba su kuɓuta ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, dokarta ta 2007 ta ba ta iko a kan lambobin motoci, kuma saɓa ƙa'idar lamba yana cikin jerin laifuffukan da take cin tara a kansu. Ga jami'an duba lafiyar motoci, ga 'yan sanda, ga KAROTA a nan Kano. Doka ba ta yi ƙaranci ba, ma'aikata ma haka. Tifar da ta kashe mahaifin ɗalibata ba daga sama ta faɗo ba. Da wannan ƙarfen nata ta yi ta wucewa ta gaban masu kaki, wata da watanni. Duk jami'in da ya gan ta ya karɓi na goro ya ɗaga mata hannu, ya san cewa abin da ya sayar a ranar haƙƙin wasu marayu ne da bai taɓa gani ba. Kuma da wuya talakan direba ya girmama dokar da yake ganin manyan motocin masu hannu da shuni suna wucewa da lamba a cikin baƙar jaka, ana sara musu. In za a gyara, a fara daga can.

Akwai kuma mutum biyu da ba a cika tunawa da su ba: mai motar da mai walda. Direba sau da yawa ɗan aiki ne, yadda aka ba shi mota haka yake tuƙa ta. Alhajin da ya biya kuɗin bamba, wanda wataƙila shi ne a sahun farko a masallaci, shi ya fi kowa ikon cewa a gyara. Ina roƙon limaman masallatan tasha da na garejoji, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, su ɗauki wannan magana. Annabi (SAW) ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, ya kuma gaya wa sahabbai masu zama a bakin hanya cewa hanya tana da haƙƙi a kansu. In mai zama a gefe yana da haƙƙin da zai sauke, ina ga mai ratsa tsakiyarta da tan talatin na yashi?

Shekaranjiya na biya ta wurin wani mai walda a unguwarmu, wanda yake zuwa karatun dare, na tarar yana haɗa wa wata tifa bamba. Na ba shi labarin nan kamar yadda na ba ku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Malam, ban taɓa kawo wannan a raina ba, abin da aka ce in yi shi nake yi." Ya kira yaronsa ya ce ya kwance lambar, ya huda mata sabon wuri a saman ƙarfen. Na tsaya har aka gama, bai kai minti ashirin ba. Ɗalibata kuwa ta dawo makaranta a wannan makon, amma mahaifiyarta ta aiko a gaya mini cewa ba ta da tabbacin kuɗin wata mai zuwa.