Jita mai sunan wani: a yi lissafi kafin a kwashe adashi

A yau za mu ɗan kauce wa zancen farashin gero da wake da kuɗin mota, mu taɓo wata haja da ba a saba jin ta a wannan shafi ba, wato jita mai aiki da lantarki, wadda mutanenmu na Nijar suka fi sani da gitar. Kada mai karatu ya ce ina ruwan ɗan kasuwa da kayan makaɗa. Yana da ruwa har da tsaki, domin tun daga Dogon Kiriya har Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri, yaron da ya ƙwallafa rai a kan jita ba shi da wani banki da ya wuce bakin zanen uwarsa. Ita ce mai tuyar ƙosai, ita ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ranar da kwasar adashi ta zo kanta, ranar ce ɗan nata zai tuna cewa yana da buri.

Ko kiɗa sana'a ce da ta dace da ɗan mutum ko ba ta dace ba, wannan muhawara ce da kowane gida ke yin tasa, ba kuma ita ta kawo mu ba. Mu dai abin da muka sani shi ne, tun da wayar salula ta shiga ƙauyukan Arewa, yaranmu suna kallon Bombino na Agadas da Mdou Moctar suna cika dandali a Turai da Amurka, kuma wasunsu sun ɗaura niyya. Idan har kuɗin za su fita, to gara su fita da ido a buɗe. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani sabon salo na roƙo: yaro ba ya cewa a saya masa jita kawai, sai ya ce lalle sai mai ɗauke da sa hannun wane, wadda ya gani a waya.

Ga yadda abin yake. Manyan kamfanonin ƙera jita, irin su Fender da Gibson na Amurka, sukan ƙulla yarjejeniya da wani shahararren makaɗi, su ƙera jita daidai da yadda yake son tasa: kaurin wuyanta, nauyin jikinta, irin maganaɗisun da ke ɗauko motsin tsirkiya su mai da shi sauti, har da launin fenti. Sai a buga sa hannunsa a kanta, a ɗora kuɗi, shi kuma a riƙa ba shi kamashonsa. Ba yau aka fara ba. Tun 1952 Gibson ya fito da jita mai sunan Les Paul, shi kuma Fender ya fito da mai sunan Eric Clapton, mutumin Ingila, a 1988. Sabuwar mai sunan Clapton a kantin Amurka tana kai wajen dala 2,000, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. Wato sama da miliyan guda na sefa, tun kafin a yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. Alhali shi wannan kamfani na Fender yana da wata mai rahusa da yake sayarwa da sunan Squier, siffarsu ɗaya, wadda ƙaramarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan kuɗi ba.

To, bari mu ba ku labarin jitar Clapton ta ainihi, wadda a kanta aka gina duk wannan ciniki, don a nan ne abin dariyar yake. A 1970 ya shiga wani shago a garin Nashbil na Amurka, ya tarar da tsofaffin jitocin Fender na hannu da ba a damu da su ba a lokacin, ya sayi guda 6 a kan kuɗi ƙalilan. Ya raba 3 ga abokansa. Sauran 3 ɗin kuma aka kwance su, aka ɗauki jikin wannan, aka ɗauki wuyan waccan, aka tsinto maganaɗisun da suka fi daɗin amo, aka harhaɗa jita guda baƙa wadda ya sa wa suna Blackie. Da ita ya yi ta aiki har zuwa 1985. A 2004 aka yi gwanjonta a Niyok, ta tashi a kan dala 959,500, wajen miliyan 500 na sefa ke nan. A 2006 kuma kamfanin ya ƙera kwafinta guda 275, har da ƙujewar fenti da ƙunar taba sigari da ke jikinta aka kwaikwaya, aka sayar da kowace a kan dala 24,000. Jama'a, a duba wannan lamari. Mutum ya haɗa kayansa daga kwance, irin yadda bakanike ke tayar da mota ɗaya daga gawar uku, sannan aka dawo ana sayar wa duniya hoton facin da ya yi a kan kuɗin gida.

Haka Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970. Bahago ne, sai ya riƙa ɗaukar jitar 'yan dama ya juya ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Daga baya kamfanin ya ƙera wa 'yan dama jita mai juyayyen kai da sunansa, don su ma su yi kama da shi.

Iyayenmu mata sun fi kowa fahimtar inda muka dosa. Jita mai sa hannu riga ce da tela ya ɗinka da awon wani. Ta yi wa mai ita cif, amma kai da ka saya ba kafaɗarku ɗaya ba. Ita ta Clapton, bayan wuyanta yana da ɗan tsini kamar ƙirjin kaza, don haka hannunsa ya saba. Yaro mai gajerun yatsu yana iya jin ta kamar ya riƙe ƙotar gatari. An toshe ƙarfen da ake girgiza sauti da shi da guntun katako, don shi ba ya amfani da shi. Sannan a cikinta akwai wata 'yar na'urar ƙara ƙarfin amo mai cin batir ɗan murabba'i mai bolt 9, wanda ke ci gaba da zuƙewa muddin aka bar waya a soke, kuma ranar da ya mutu jitar ta shaƙe ke nan. A Landan wannan ba komai ba ne, kantin kusa da gida yana da shi. A Dogon Kiriya, ana tsakiyar biki da dare, wa zai buɗe maka shago ya ba ka irin wannan batir?

Daga nan sai yaro ya ce zai gyara ta ta dace da shi, a nan kuma asara ta biyu take. Kowace mace ta san bambancin turmin atamfa da ke ajiye a akwati da wanda almakashi ya shiga. Na akwati dukiya ce, ranar da ta ɓaci a fitar da shi a sayar. Wanda aka yanka aka ɗinka ya fi amfani a jiki, amma a kasuwa ya zama kwance. Ita ma jita mai sa hannu, abin da ya sa take da tsada shi ne tana nan yadda ta fito daga kamfani. Ranar da aka huda ta aka ƙara maɓalli, ko aka kankare wuyan, ko aka sake mata fenti, ƙarin kuɗin da aka biya saboda suna ya bi iska. Idan an bar ta ba ta dace da hannu ba, idan an taɓa ta darajarta ta faɗi. Wane irin ciniki ne wannan? Ba mu ce ba ta da kyau ba, ta ainihin aiki ne mai inganci, kuma mai kuɗin da ya saya don sha'awa bai yi laifi ba. Amma masu biyan kuɗin suna idan an tashi sayarwa suna Yamai ko Legas ko Turai. A kasuwarmu mai saye zai kaɗa ne ya ji, ya taya gwargwadon abin da kunnensa ya gaya masa.

Duk wannan ma idan ta ainihin ce. Yadda ake buga sunan Holandis a gefen atamfar da ba ta taɓa ganin Holan ba, haka ake buga Fender da Gibson da sa hannun kowane makaɗi a kan jabu. Tambarin kansa sayar da shi ake yi, a manna a shafe da fenti. Duk wanda ya kawo muku mai sunan Clapton a kan jika 100 ya ce sa'a kuka yi, to ku tuna da ranar da aka kawo muku shadda gezna a farashin yadin makaranta.

Mu waiwayo gida. Mdou Moctar, wanda yaran ke kallo, ɗan jihar Tawa ne da muke maƙwabtaka da ita. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, don a gidansu ba a son zancen kiɗa. Shi ma bahago ne. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu kafin Turawa su san da shi. Bombino kuwa shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Grammy, a bikin 2019. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Masu gurmi da goge na ƙasar Arewa kuma, tun kaka da kakanni, kowa shi ke zaɓen ƙwaryarsa, ya ja fatarsa, ya matsa jakin gaba ko baya har amon ya zauna masa. Ba mu taɓa jin mai goge ya ƙi taɓa gogensa don kada darajarsa ta faɗi ba.

Saboda haka shawararmu ga uwar da ta riga ta yanke za ta saya ita ce, a nemi mai sauƙin kuɗi mai lafiyayyen wuya, a ware wani abu don saiti. A ɗaga ta a hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar yadda kafinta ke hango katako. Idan ya murɗe, a ajiye ta ko da sunan wa ke jiki. A danna kowace tsirkiya a kowane gurbi a ji ko tana zizar banza. Tazarar tsirkiya da ƙarafan wuya, a wajen gurbi na 12, kada ta wuce kimanin milimita 2. Idan ta yi sama da yawa yatsun yaro za su yi ƙanta, ya gaji ya jingine ta, kuɗin Inna sun tafi. Yawancin wannan da ɗan makulli ake daidaita shi, ta wajen jaki da kuma wata sandar ƙarfe da ke cikin wuyan, wadda ake murɗawa kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye a lokaci guda, a bar katakon ya huta. Mai gaggawa ya murɗa da ƙarfi ya karya ta, jitar ta zama itacen girki. In kuma an canza wani abu, maganaɗisu ne ko kunnuwan ɗaure tsirkiya, a zuba tsofaffin a leda a adana, don ranar sayarwa a mayar.

Kuma saitin nan ba sau ɗaya ake yinsa ba, domin an ƙera kayan ne a ƙasashe masu laima. Idan hunturu ya busa katakon wuya yakan tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu. Damina ta zo ya kumbura, tsirkiya ta yi tsatsa. Ƙura ta shiga maɓallan sauti su riƙa ƙarar ƙwarya-ƙwarya. Wanda ya ɗaure jita a saman motar kasuwa cikin ranar bazara, daga Dogon Dutsi zuwa Dogon Kiriya, ya riga ya gasa ta.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi, wanda muke roƙon iyaye su riƙe. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da akwatin ƙara sauti ta waya. Idan akwatin yana da matsala, ko an ja wuta daga janareta ba tare da wayar ƙasa ba, wutar tana iya bin tsirkiya ta shiga jikin mai kaɗawa, musamman in yana tsaye ba takalmi a ƙasa mai danshi. A 1976 haka ta kashe Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds da Clapton ya taɓa zama a cikinta, yana kaɗa jita a gidansa. Sannan akwatin da aka yi don Amurka wutar 120 yake sha, tamu kuwa 220 ce. A soka shi kai tsaye ya ƙone nan take.

Ga 'yan uwa 'yan kasuwa masu bin hanyar Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato, ko masu sari a Yamai, mu a ganinmu ribar ba a jikin jitar take ba. Jita sau ɗaya ake saye, a shekara nawa. Tsirkiya kuwa kullum tsinkewa take, waya tana lalacewa, batir yana mutuwa, kuma sau da yawa sai an yi sallahu ga direba a jira kwanaki. Kwalin tsirkiya ba ya ruɓewa kamar tumatir, ba ya cin wuri a teburi. Haka nan masu gyaran rediyo da salula da ke bakin tashar Dogon Dutsi, waɗanda dalma da ƙarfen liƙi ke hannunsu dare da rana: abin da ke cikin jita maganaɗisu 3 ne, da maɓallai 3, da makunni guda, da 'yan wayoyi, bai kai rabin wahalar wayar salula ba. Wanda ya fara koyon wannan a cikinsu, ya haɗa kai da kafinta mai haƙuri saboda aikin wuya, duk jitar da ke tsakanin Tibiri da Dogon Kiriya teburinsa za ta zo.