Raddi Ga Mai Cewa Ginin Wasan Soyinka Ya Karkace

Wani ɗan'uwa, malamin adabi, ya yi sharhi a kan wasan kwaikwayon Wole Soyinka mai suna Death and the King's Horseman, wanda aka buga a 1975, aka fara hawa dandamali da shi a Jami'ar Ife a 1976. Hukuncinsa shi ne harshen wasan ya yi armashi, amma zubi da tsarinsa sun karkace, ya kuma kafa hujjoji huɗu. Malam na da girma a idona, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka zan bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya.

Ga labarin a taƙaice. Alafin na Oyo ya rasu. Bisa al'adar masarautar a wancan zamani, Elesin, mai kula da dokin sarki, zai bi ubangidansa lahira bayan wata guda, a daren da za a binne shi. Di'o Simon Pilkings ya sa aka kama shi kafin ya cika. Abin ya auku da gaske a Oyo, a 1946 in ji Soyinka, shi kuwa ya ja shi baya zuwa kwanakin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zuba shi cikin fitowa biyar.

Hujja ta farko, malam ya ce fitowar farko ta yi tsawo, daga kirari sai rawa a kasuwa, ba abin da ya faru. Ashe malam bai lura da abin da Elesin ya roƙa ba. Da fari ya yi fushin ƙarya har sai da matan kasuwa suka lulluɓe shi da tufafi masu tsada. Daga nan ya hango wata budurwa, ya ce sai ita, alhali an yi mata baiko da ɗan Iyaloja, shugabar matan kasuwar. Iyaloja ta ba shi, amma ta gargaɗe shi. Mutumin da zai bar duniya a daren nan yana neman amarya, ai ɗan kallo mai hankali ya ga inda bango ya tsage. Duk abin da ya rushe a fitowa ta biyar, a nan aka sa harsashinsa.

Hujja ta biyu, wai ƙololuwar wasan ita ce kama Elesin, kuma marubuci ya ɓoye ta a bayan fage. Haƙiƙa ba a nuna kamun ba, da gangan kuwa. Fitowa ta uku ta rufe Elesin yana rawa cikin maye na ruhi, maroƙinsa na yi masa rakiya da murya, haske na dusashewa. Ɗan kallo ya sakankance an gama. A fitowa ta huɗu, a wajen bikin rawar Turawa da aka shirya wa Yariman Ingila, Olunde ɗan Elesin ya ji sautin ganguna ya sauya, ya shaida wa Jane matar Di'o cewa mahaifinsa ya rasu. Mu ma mun yarda da shi. Kwatsam sai ga muryar Elesin, sai ga shi da ankwa a hannu, ya faɗi a gaban ɗansa, ɗan ya ce ba shi da uba. Nan ce ƙololuwar. Da mun ga kamun da idonmu, da wannan haɗuwa ta zama lami. Dabarar ma tsohuwa ce: a wasan Sarki Idifus na Sofokilis, mutumin Girka, ba a dandamali Idifus ya tsiyaye idanunsa ba, ɗan aike ne ya kawo labari.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi. Malam ya ce tun da Bature ne ya hana mutuwar, tauraron ba shi da laifi, wasan ya koma karon al'adu kawai. Soyinka da kansa ya ƙi wannan fassara a gabatarwar littafin, ya nuna shigar Di'o sanadi ce kurum. Amma mu ajiye maganar marubuci, mu tambayi ginin. A fitowa ta biyar, cikin ɗakin ƙasa da aka taɓa tsare bayi, Elesin ya ɗora laifi a kan Bature, ya ɗora a kan abubuwan bautarsa, ya ɗora a kan amaryarsa. Amma ya amsa wa amaryar cewa ƙafarsa ta riga ta yi nauyi, da Iyaloja ta zo ta matsa shi kuma, sai ya amsa cewa har zuciyarsa ta raya masa ko zuwan Bature wata mafita ce. Shi ya sa aka ɓoye kamun: don tambayar wane ne mai laifi ta kwana a ranmu har mai laifin ya amsa da bakinsa.

Hujja ta huɗu, wai mutuwar da Olunde ya yi a madadin ubansa ta faɗo daga sama. Sau biyu aka share mata hanya. A fitowa ta biyu, cikin hirar Pilkings da matarsa, mun ji cewa babban ɗa ne ke gadon wannan nauyi, shi ya sa uban ya fusata da aka tura yaron Ingila karatun likita. A ta huɗu Jane ta ba da labarin kyaftin ɗin da ya tarwatsa jirgin ruwansa yana ciki don ya ceci mutanen gaɓa. Ita ta ga asara, Olunde ya yaba. Wanda ya ji wannan, ba zai yi mamaki ba sa'ad da mata suka shigo da gawar Olunde a naɗe, uban ya gani ya shaƙe kansa da sarƙar hannunsa.

Abu guda na sallama wa malam: a kan takarda, fitowar farko tana da nauyi, karin magana ya yi mata yawa. Sai dai don dandamali aka rubuta ta, da ganga da rawa da amshin mata, har marubucin ya ce a yi wasan a jere ba hutu a tsakiya. Ginin a miƙe yake. Ina roƙon malam ya sake karanta fitowa ta ɗaya da ta biyar a zama guda, sannan ya sake hukunci.