Baƙin Ƙuda Da Makantar Kogi: Kada Mu Ce Ba Ruwanmu

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani ƙwaro wanda bai kai ƙudan gida girma ba, amma ya makantar da dubban magidanta, ya kuma tashi garuruwa daga fadamu masu albarka. Sunansa baƙin ƙuda, cutar da yake yaɗawa kuwa ita ce makantar kogi. Mun sani waɗansu za su ce wannan ciwon mutanen kudu ne, ina ruwan mutumin Bagwai ko Bichi da shi? To, ra'ayinmu shi ne da ruwanmu, kuma akwai aikin da ya rataya a wuyan kowace ƙungiya.

Yadda cutar take shiga jiki

Baƙin ƙuda ɗan ƙarami ne, mai ɗan doro. Ba ya hayayyafa a kududdufi kamar sauro. Shi ruwa mai gudu da ƙarfi yake so, inda yake dukan duwatsu yana kumfa. A nan tamatar take zuba ƙwai a jikin duwatsu da ciyayin da ruwa yake kaɗawa. Da rana take cizo, a waje, yawanci a ƙafafu, wato daidai lokacin da manomi yake sunkuye a gona, ko mace tana wanki a bakin rafi.

Idan ta ciji mai cutar, sai ta zuƙo 'ya'yan wata tsutsa tare da jini. 'Ya'yan nan ba a ganinsu sai da madubin likita. Sukan yi kamar mako ɗaya ko fiye a cikin ƙudan suna girma, sa'an nan in ta ciji wani ta zuba masa. A jikin mutum sai su zama manyan tsutsotsi, su dunƙule a ƙarƙashin fata su yi ƙullutu, sau da yawa a ƙugu, ko haƙarƙari, ko gwiwa. Uwar tsutsa takan rayu har shekara 15, tana haifar ɗaruruwan 'ya'ya kowace rana.

'Ya'yan su ne masu ɓarna. Suna yawo cikin fata, in sun mutu sai jiki ya kama ƙaiƙayi mai hana barci. Fata ta yi kaushi ta tsufa tun mutum yana saurayi, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare kamar fatar damisa. In suka shiga ido, sai gani ya riƙa raguwa sannu a hankali har ya tafi. Idon da ya mutu ta wannan hanya ba ya dawowa. Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na shekarar 2017 ya nuna mutum wajen miliyan 21 suna ɗauke da cutar, fiye da miliyan ɗaya kuma ganinsu ya taɓu. Kusan dukansu a Afirka suke, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan waɗanda suke cikin haɗari.

Ina ruwan mutumin Watari?

Gaskiya ne arewacin Kano ba ya cikin wuraren da cutar ta fi tsanani. Kogunanmu na yashi ne, ba su da duwatsu da gangara kamar na kwarin Hawal wajen Garkida, ko na Taraba, inda ta makantar da mutane da yawa. Cizo ɗaya ko biyu kuma ba ya makantar da mutum, sai an daɗe ana shan cizo. Amma mu dubi abu biyu.

Na farko, ba a gida kaɗai muke noma ba. Ƙasarmu ta cika, gonar gado ta rarrabu har ba ta ciyar da gida. Saboda haka samarinmu sukan tafi neman gona ko ƙodago a Doguwa da Tudun Wada, da kudancin Kaduna, da Neja, har Taraba. Waɗansu su yi damina guda, waɗansu shekara biyar. A irin waɗannan wurare ne aka sha fama da cutar, kuma gonar da baƙo yake samu sau da yawa ita ce ta bakin rafi. In an zo rabon magani, sunansa ba ya cikin littafin garin, domin shi baƙo ne. A gida kuma ba ya nan. Ta haka sai ya faɗa tsakani, ya komo mana da ƙaiƙayi muna ce masa ƙazwa ce.

Na biyu, ruwan ƙasarmu ya sāke hali. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da tamu ta Watari wadda aka gama a 1980, ruwa yana gudu da rani a inda dā sai yashi. Albarka ce babba, da ita muke noman shinkafa da tumatir da albasa. Amma masana sun tabbatar a ƙasashe da dama cewa inda ruwa yake kwararowa da ƙarfi daga bakin madatsa, baƙin ƙuda yana iya samun wurin zuba ƙwai. Ba muna cewa ku guji noman rani ba. Muna cewa mai aiki a bakin ruwa ya san ƙwaron, ya buɗe ido.

Magani yana nan, naci ake bukata

An daɗe ana yaƙin nan. Tun wajen 1955 aka fara zuba maganin ƙwari a kogunan tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1974 aka kafa babban shiri a Afirka ta Yamma, jiragen sama suna feshi a koguna, har zuwa 2002. An ƙiyasta cewa ya tsare mutum 600,000 daga makanta, ya kuma buɗe hekta miliyan 25 na ƙasar noma da mutane suka gudu suka bari. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: maganar cutar nan maganar gona ce.

A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da ƙwayar Mectizan kyauta, muddin ana bukatarta. Ana auna tsawon mutum da sanda, a ba shi ƙwaya ɗaya zuwa huɗu, sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, ko mai ciki, ko mai jego a makon farko, ko wanda yake kwance da ciwo mai tsanani.

Ga inda mutane suke tuntuɓe. Ƙwayar tana kashe 'ya'yan tsutsa, ta hana uwar haihuwa na waɗansu watanni, amma ba ta kashe uwar. Don haka dole a yi ta sha kowace shekara, shekara 12 zuwa 15, har uwayen su mutu don kansu. Mutum ya sha sau biyu, ƙaiƙayi ya lafa, sai ya ce ya warke. Wani kuma ya ce da ya sha jikinsa ya kumbura, ƙaiƙayi ya ƙaru, ba ya ƙarawa. Wannan alama ce tsutsotsin suna mutuwa, kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki. In abin ya yi tsanani a je asibiti. Wanda ya ƙi sha ba kansa kaɗai ya cuta ba, domin daga jikinsa ne ƙuda zai ɗiba ya kai wa ɗan maƙwabcinsa.

Kada wani ya ce abin ba ya ƙarewa. Ran 30 ga Janairu, 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da makantar kogi, ita ce ta farko a Afirka. A nan gida ma, jihohin Filato da Nasarawa sun kai matsayin daina rabon maganin a 2018, bayan shekaru masu yawa ana sha ba fashi. Ba wani asiri suka yi ba, naci ne.

Aikin da ya rage wa ƙungiya

Ƙungiyar da ta iya rubuta bashin taki har kwabo, ta iya rubuta lafiyar 'ya'yanta. Ga shawararmu.

1. Magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya, ya rubuta duk wanda ya tafi noma ko cin rani a ƙasar rafuka, da inda ya tafi. A gargaɗe shi ya tambaya ko ana rabon magani a can, ya sa a rubuta sunansa.

2. Wanda ya komo da ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani, ko ƙullutu a ƙarƙashin fata, ko hazo a ido, a raka shi asibiti, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya inda ya zauna. Mai ciwon ido kada ya tsaya ɗiga-ɗigen kasuwa. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano.

3. Inda ake rabon magani, masu rabon mutanen gari ne da jama'a suka zaɓa, ba su da albashi. Sukan bar gonarsu su bi gida gida. In sun gaji sun bari, shirin ya mutu. Ƙungiya ta yi musu gayya ta yini ɗaya a gonarsu. Wannan bai fi ƙarfinmu ba.

4. Mai aiki a bakin ruwa mai gudu ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu. In aka ga ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna cizo da rana har jini ya fito, a kama kaɗan a kwalba a kai wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

5. Sinadarin da yake cikin Mectizan shi ne a cikin wata allurar tsutsa da muke yi wa shanu da awaki. Kada kowa ya kuskura ya sha na dabbobi ko ya yi wa kansa allurarsa. Awonsu dabam, haɗinsu dabam.

Magidanci ɗaya in ya makance, gona ta kwanta, an kuma cire yaro daga makaranta ya zama ɗan jagora. Hasarar mutum biyu ke nan a gida ɗaya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, tun kafin samari su ɗaura kayan tafiya. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.