Ƙoƙon Bara Ba Ya Tare Annoba

Tun watan Janairun 2025, da Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, ya kuma sanar da ficewar ƙasarsa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, magana ɗaya ake ta nanatawa a rediyo da tarukan masana. Wai mun shiga uku. Wai idan wata annoba ta ɓarke yanzu sai dai a yi ta haƙa kabari, tun da masu ba mu sun janye hannu. Maganin da ake kawowa kuma bai wuce a lallashi Turai, a cike takardar neman kaso daga Asusun Annoba da ke Bankin Duniya, a nemo sabon mai taimako ba. Na ji wannan daga bakin mutanen da nake ganin girmansu, likitoci da 'yan jarida. Ban yarda ba. Wannan magana ita ce mafaka mafi daɗi da shugabanninmu suka taɓa samu, kuma mu ne muke gyara musu shimfiɗa a cikinta.

Wai ma wace annoba ake nufi?

Mutumin Sakkwato ba ya buƙatar masani daga Janiba ya faɗa masa sunan abin da zai kashe masa ɗa. Hunturu ya juya baya, zafin Maris da Afrilu ya fara dukan ƙasa, sankarau ne. Damina ta sauka, kwata ta haɗu da rijiya, amai da gudawa ne. Tsakaninsu ga ƙyanda, ga zazzaɓin cizon sauro da ba ya zuwa hutu. Cutar da ke zuwa duk shekara a watan da aka san ta da shi, wurinta kasafin kuɗi, tare da albashi da takin zamani. Mu ne muka mayar da ita "gaggawa", don gaggawa ce ke halatta miƙa ƙoƙo.

A tuna da sankarau na 2017. Bai faɗo daga sama ba. A 2013 likitocin ƙungiyar MSF suka ci karo da wani sabon nau'in ƙwayar, nau'in C, a ƙauyukan jihar Sakkwato. A 2014 ya ɓulla a Kebbi. A 2015 ya tsallaka Nijar ya kashe ɗaruruwan mutane, har cikin Yamai. Kowane jami'in lafiya ya san allurar MenAfriVac da aka yi wa jama'a kafin nan nau'in A kaɗai take karewa. Shekara huɗu cutar tana sallama a ƙofa ba wanda ya amsa. Da ta shigo da ƙarfinta daga Zamfara a ƙarshen 2016, sai da aka kai Afrilun 2017 kafin allura ta fara shiga jikin mutane. Dalili kuwa, sai an roƙo ta daga rumbun gaggawa na duniya, kuma masu rumbun ba sa sakinta sai an nuna musu sakamakon gwaji da ya tabbatar da nau'in ƙwayar. Gwajin nan shi ya ɗaure mu: a ɗebi ruwan ƙashin bayan mara lafiya, a zuba a kwalbar da ta dace, a kai ɗakin gwaji kafin ya lalace. Wannan ba aikin biliyoyin daloli ba ne, aikin allura ne da kwalba da man babur. Kafin a farga, waɗanda ake zaton sun kamu sun haura 14,000, mutum 1,166 sun rasu, akasarinsu yara.

A lokacin ne gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya ce azabar Allah ce saboda zinace-zinace, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a cewa ya je ya nemo allura. An yi wa Yari ca, kuma ya cancanta. Amma mai cewa laifin masu zunubi ne da mai cewa laifin Trump ne, aiki ɗaya suke yi: suna sauke kayan daga kan wanda aka rantsar ya ɗauka. Bambancin kawai, na biyun ya iya Turanci.

Kuɗin waje kuwa, wanda ya bi sawunsu zai ga tsoron mai bayarwa suke bi, ba ciwon mai karɓa ba. A 2021 kaɗai amai da gudawa ta kashe mutum 3,604 a Nijeriya, Sakkwato na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Korona, daga 2020 har ta lafa, mutum 3,155 hukuma ta ƙidaya ta kashe. Na san lissafin korona bai cika ba, mace-macen Kano na Afrilun 2020 sun isa shaida, amma wa zai ce na amai da gudawa ya cika, cutar da ke kashe mutum a ƙauye a binne shi kafin la'asar? Don korona aka rufe masallatai da kasuwanni da iyakoki, aka ciyo bashin dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, attajirai suka tara biliyoyin naira. Don amai da gudawa me aka yi? Korona tana hawa jirgin sama ta sauka a Landan. Amai da gudawa ba ta da fasfo.

Ko a garin nan akwai shaida. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, yana karɓar yaran da cutar noma ta cinye musu kumatu da leɓe, cutar yunwa da ƙyanda da talauci. Ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, don haka ba ta tsorata kowa a Turai. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Su kansu manyan asusun da ake cewa mu sa rai a kansu fa? A 2017 Bankin Duniya ya ƙirƙiro wata irin inshorar annoba, aka sayar wa masu jari da takardu, wasunsu na karɓar ruwan da ya haura kashi 11 cikin ɗari a shekara. Ibola ta ɓarke a Kwango a 2018, ta kashe sama da mutum 2,200, ɓangaren inshorar bai biya ko sisi ba, domin sharaɗi ya ce sai gawarwaki sun kai adadi kaza a ƙasa ta biyu. Masu jari suka ci gaba da karɓar ruwansu a lokacin, aka rufe shirin a 2021. Magajinsa, Asusun Annoba da aka kafa a 2022, ya fi shi mutunci, amma a rabonsa na farko ƙasashe sun nemi sama da dala biliyan 2.5, abin da aka raba miliyan 338 ne. Masanan da suka tsara shi da kansu sun ce giɓin kuɗin shirin annoba ya haura dala biliyan 10 duk shekara. In an raba wannan ɗan abin wa ƙasashe, Abuja ta ɗebi nata, nawa zai iso Gudu ko Tangaza?

Kada a ce na yi butulci. Kuɗin waje sun yi aiki a ƙasar nan. MenAfriVac ta kusa shafe nau'in A daga doron yankinmu. A Agustan 2020 aka tabbatar ƙwayar shan-inna ta asali ta ƙare a Afirka, kuma da hannun Mai Alfarma Sarkin Musulmi da hakimai da masu unguwanni aka kai ga haka. Cibiyar yaƙi da shan-inna ce ta ba da ma'aikata da dabarun da aka murƙushe Ibola da su a Legas a 2014. Duk gaskiya ne. Amma ga wata gaskiyar da ba a son ɗagawa a taro. A binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017, lokacin da masu ɗigon shan-inna ke zagaya gidajenmu sau da yawa a shekara, bayan shirin lafiya na Amurka ya shafe shekaru a jihar, bayan an sa hannu a yarjejeniyar rigakafi da gidauniyoyin Gates da Ɗangote, yara uku kacal cikin ɗari ne a jihar Sakkwato aka samu sun karɓi allurar rigakafi ta uku ta Penta. A Legas tamanin ne. Uku! A lokacin ba wanda ya janye hannu. Kuɗin na nan, motocin na nan, tarukan bita a otal na nan, da jaka da littafi da alawus. Abin da babu shi ne asibitin mazaɓa da uwa za ta je ta tarar da mutum da magani.

Duk wanda ya taɓa bin masu ɗigo gida-gida ya ji abin da matan ke faɗa daga bayan labule: "Kullum ɗigo, kullum ɗigo. In ɗiyana na masassara na kai su asibiti, ko farasitamol sai na saya. Wanga da kuke biyo mu da shi har ɗaka kyauta, mi ke cikinai?" A takardun rahoto jahilci ake kiran wannan. Ni ban ga jahilci ba. Matar ta fahimci tsarin fiye da mai rubuta rahoton: an damu da cutar da ke barazana ga duniya, ba a damu da ɗanta ba. Ranar da babbar annoba ta zo, wannan matar ce za a ce ta yarda, ta fito da mara lafiyarta, ta miƙa hannu a yi mata allura. Yardar da ba a gina da farasitamol ba, ba a sayenta da sanarwar rediyo.

A leƙa ƙaramin asibiti a ƙauye. Fenti sabo, allo a bakin ƙofa ɗauke da tambarin waɗanda suka gyara ginin. A ciki ga firjin rigakafi mai aiki da hasken rana, batirin ya mutu tun bara. Malamin asibiti ɗaya, shi ne mai kati, shi ne mai allura, shi ne mai karɓar haihuwa, ya yagi takarda ya rubuta magani ya ce a je kemis. Ba ruwa, sai an sayo daga 'yan garuwa. In yara uku suka zo a mako ɗaya da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mutumin nan ne kaɗai tsakaninmu da annoba. Zai kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, in yana da kati a waya. Shi kuma zai zo, in akwai mai a babur. To, mai ba da tallafi yana sayen firji, ba ya sayen batiri na biyu. Yana gina ɗaki, ba ya biyan albashin shekara talatin. Kuma bai kamata ya biya ba. Albashi da man babur da ruwan famfo, su ne shirin annoba, kuma ba su da uba sai baitulmalin jiha da na ƙananan hukumomi.

Akwai ma abin da ba asusun da zai gyara mana. A 2024 da wata cuta mai kumbura cikin yara ta ɓulla a ƙaramar hukumar Isa, hukumar NCDC ta ƙidaya mutum 164 a sanarwarta ta watan Afrilu. Isa da Sabon Birni yankuna ne da 'yan bindiga suka hana ma'aikaci kwana a wurin aikinsa. Wa ke sa ido kan cuta a garin da mutanensa suka watse? Kafin nan mun ga gubar dalma a Zamfara a 2010, ta kashe yara sama da 400, kuma baƙi ne suka fara gano ta. Kuɗin share gubar daga garin Bagega sai a 2013 gwamnatin tarayya ta sake su, bayan an yi mata ihu.

Za a ce ba mu da kuɗi. Sakkwato talaka ce, haka ne. Ƙididdigar 2022 ta sa ta kan gaba a talauci a duk ƙasar. Amma a Abuja, ba a Janiba ba, shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma kasafin tarayya yana ta rarrafe a kusa da kashi 5. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Muna da ɗakin haɗa rigakafi a Yaba da ya yi shekaru yana samar da allurar shawara da ta agana, muka rufe shi a 1991 da sunan gyara. Shekara talatin bayan haka, a Disambar 2021, muka lalata allurar korona sama da miliyan ɗaya a Abuja, domin masu kyauta sun aiko mana ita tana dab da lalacewa. Mai bara ba ya zaɓe. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kason da jihohi ke karɓa ya ƙaru matuƙa. Kuma da Amurka ta janye, cikin 'yan makonni Majalisar Tarayya ta samo dala miliyan 200 ta ƙara wa lafiya a kasafin 2025. Ashe akwai. Ina suke a da?

A ci gaba da karɓar tallafi in an bayar, ba wanda ya ce a mayar. Amma Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta yi doka da za ta ware kuɗin shirin annoba, a sake su kafin Disamba, tun sankarau bai fara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A riƙa bayyana nawa kowace ƙaramar hukuma cikin ashirin da ukun nan ta karɓa, a liƙa a bangon asibiti inda kowa zai gani.

Kai kuma mai karatu, zaɓen 2027 na tafe. In ɗan takara ya shigo unguwarku da shinkafa da atamfa, kada ka tambaye shi nawa aka rubuta wa lafiya a kasafi. Tambaye shi nawa aka saki, da ma'aikata nawa ke kwana a asibitin mazaɓarku.