Bikin Fim Ba Ya Cika Sai An Miƙa Wa Mai Kallo Makirfo

Abin da ya sosa wa wannan shafi rai shi ne yadda ake ta yawaita kiran wasu taruka da sunan bikin finafinan neman adalci, wato taron da ake keɓe kwanaki ana nuna finafinan da suka shafi zalunci da talauci da tauye haƙƙin ɗan Adam, alhali kuwa mutanen da aka ɗauki hoton wahalarsu ba sa ko kusantar ƙofar zauren da ake nuna su. Ana kama babban ɗakin taro a otal, a jera manyan baƙi a teburin gaba, a kwashe rabin yini ana jawabai da Turanci, a nuna guntun fim kan almajirai ko 'yan gudun hijira, sannan a raba kambu a watse, ba tare da almajiri ɗaya ko mai gudun hijira ɗaya ya furta kalma ba.

Wanda yake son ganin yadda ake yin wannan aiki da gaske ba sai ya tsallaka teku ba, domin misalin yana nan a Burkina Faso. Birnin Wagadugu ya daɗe da shahara da FESPACO, babban bikin finafinan Afirka da aka fara a 1969, wanda Oumarou Ganda na Nijar ya zama mutum na farko da ya lashe babbar lambarsa a 1972. Sai dai a ranar 13 ga Disamba 1998 an tsinci gawar ɗan jarida Norbert Zongo tare da abokan tafiyarsa uku a cikin mota ƙonanniya kusa da garin Sapouy, a daidai lokacin da yake binciken mutuwar direban François Compaoré, ƙanin shugaban ƙasa na wancan zamani, Blaise Compaoré. A 2003 Luc Damiba da Abdoulaye Diallo suka haɗa fim na tarihin gaskiya, wato irin wanda babu 'yan wasa a cikinsa sai shaidu da hujjoji, mai suna Borry Bana, a kan wannan kisa, amma gidan talabijin na gwamnati da gidajen sinima suka ƙi haska shi. Daga wannan toshewa ce aka haifi bikin Ciné Droit Libre a 2005, a ƙarƙashin ƙungiyar Semfilms, domin samar da fili ga finafinan da masu iko ba sa son a gani.

Ƙa'idar bikin gajera ce: kowane fim yana da jigo, kowane jigo kuma dole a yi muhawara a kansa bayan an gama kallo. Ana kafa farin allo a fili cikin unguwa da a harabar jami'a, jama'a su taru bayan faɗuwar rana ba tare da katin gayyata ba, idan fim ya ƙare a kunna fitilu, mai fim ko lauya ko ɗan jarida ya zauna a gaba, sai makirfo ya shiga zagaya taro daga hannu zuwa hannu. A nan ne ɗalibi yake tambayar dalilin da ya sa shari'a ta tsaya cik, mai sana'ar hannu ya faɗi abin da ya gani da idonsa, wanda ke ganin fim ɗin ya yi son kai shi ma ya miƙe ya ce haka, a ba shi amsa a gaban kowa. Tsarin ya karɓu har aka riƙa gudanar da bikin a Abijan da Dakar. Ba za a ce bikin fim ne ya kori Blaise Compaoré daga mulki a ƙarshen Oktoban 2014 bayan shekara 27 ba, amma matasan da suka cika tituna a lokacin sun fito ne daga birnin da aka shafe kusan shekara goma ana koya wa jama'arsa yi wa masu mulki tambaya a bainar jama'a.

Abin takaicin shi ne ƙasar Hausa ta riga ta san kallon fim a fili tun kafin a haifi mafi yawan masu shirya taruka na yau. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka motar majigi take shiga gari ta tsaya a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, a tayar da janareta, a nuna finafinan tsafta da na noma, tafinta yana bayani da Hausa ta lasifika, kuma har yau dattawa ba su manta da Baban Larai ba, fim ɗin da aka shirya don jan hankalin manoma. Illar majigi ita ce magana daga sama take saukowa kawai, hukuma ta faɗa, talaka ya ji. A Nijar ma Moustapha Alassane ya yi shekaru yana yawo da finafinai zuwa garuruwa da ƙauyuka. Ke nan fili da allo da taron jama'a duk gado ne a nan, abin da bai taɓa samuwa ba shi ne a juya lasifikar ta fuskanci mai kallo.

Masana'antar Kannywood, wadda ake danganta mafarinta da Turmin Danya na 1990, ta tara ƙwararrun masu ɗaukar hoto da marubuta labari da za su iya wannan aiki, amma har yanzu fim na tarihin gaskiya maraya ne a cikinta. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, kuma labarin ya fi yawo a rahotannin ƙungiyoyin ƙasashen waje fiye da yadda ya yi a allon Hausa. Haka batun mata masu yoyon fitsari, da fursunonin da suka shafe shekaru suna jiran shari'a, da rikicin manoma da makiyaya wanda kowane ɓangare yake jin labarinsa daga bakin nasa kaɗai. Idan ma an yi irin waɗannan finafinai, sau da yawa da kuɗin masu ba da tallafi ake yi, a rubuta fassarar Turanci a ƙasan allo, a kai su Turai su ciyo lambar yabo, mutanen ƙauyen da suka buɗe wa kyamara ɗakunansu kuma ba su sake jin ɗuriyar mai fim ba. Wannan cin amana ne, kuma babu wani suna mai laushi da ya dace da shi. Wanda ya ɗauki hoton uwa tana kuka a kan gawar ɗanta, ya je ya karɓi tafi a wata nahiya, bai komo ya nuna mata abin da ya ɗauka ya saurari ta bakinta ba, ya mai da baƙin cikinta hajar sayarwa.

Za a ce akwai matsalar tsaro kuma muhawara a fili tana iya rikiɗewa zuwa hayaniya, amma wannan dalili ne na zaɓen wuri da neman yardar mai unguwa da samun shugaban zama mai haƙuri, ba dalilin fasawa ba. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi ba da ƙarfi wajen duba sutura da rawa, kuma lokaci ya yi da za ta bambanta fim mai ɓata tarbiyya da fim mai ɓata wa hukuma rai, domin na biyun haƙƙin jama'a ne su gani. Dogaro da tallafin waje ma ba tudun dafawa ba ne, tunda ƙungiyar Human Rights Watch da kanta ta rufe nata bikin finafinan a 2024 saboda ƙarancin kuɗi, bayan fiye da shekara talatin tana gudanar da shi.

Kayan aikin ba su wuce na'urar haska hoto da farin ƙyalle da ƙaramin janareta ba, ga kuma gidajen kallon ƙwallo a kowace unguwa da suke zaune babu kowa a ranakun da ba a wasa, ga makarantun Islamiyya inda za a iya keɓe wa mata zama da rana, tunda tsohuwar ƙyamar da ake yi wa gidan sinima ba za ta bar su fita kallon dare ba. Kira a nan ga ƙungiyoyin masu shirya fim da sassan koyar da aikin jarida na jami'o'in Kano da Zariya da Yamai shi ne su fitar da biki na gaba daga otal su kai shi unguwa, su yi shi da Hausa, kuma kada a ba kowane fim kambu sai an nuna shi a garin da aka ɗauke shi, mutanen wurin sun faɗi ra'ayinsu.