Kwado uku ba zargi ba ne

A wannan fitowa muna so mu taɓo maganar da kowa ke jin nauyinta a bakin tabarma: tsaron akwatin asusu daga hannunmu mu kanmu.

Kakar da ta wuce an kira mu wani ƙauye a nan ƙasar Cadakori don mu tsaya shaida ranar rabo. Mata 25 ne, kowace na zuba dala 100 duk mako. Aka buɗe akwati, aka ƙirga, aka sake ƙirgawa, jikka 50 babu su. Ku lissafa: zubin mako huɗu ke nan na ƙungiyar gaba ɗaya. Wata ta sa rai da kuɗin awaki, wata da jarin man gyaɗa, wata da kayan ɗakin ɗiyarta.

Ma'ajiyar dattijuwa ce, kowa na ce mata Inna, shekaru tana riƙe da akwatin ba a taɓa jin kanta ba. Da ta daina kuka sai ta ce: "Wallahi ban ci ba. Mai gida ne ya matsa, ya ce in ya saida wake zai maido." Muka tambayi masu mabuɗi yadda aka yi akwati ya buɗu babu su. Ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce: "Yaya, tun damana munka bar mata mabuɗan. Aikin gona ya yi yawa, kuma wa zai ce ma Inna bai yarda da ita ba?"

Nan gizo ke saƙar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da mabuɗan suna hannun masu su, da Inna ta samu abin faɗa wa mai gidanta: akwati ba ya buɗuwa sai ranar taro. Da muka sakar mata komai, mun bar ta ita kaɗai a gaban mutumin da ba ta iya ce wa a'a.

Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi, a 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta. Iyayenmu da suka soma shi, galibinsu ba su karatu ba su rubutu, amma sun tsare kuɗinsu da ƙa'ida ɗaya: kada a taɓa kuɗi sai a idon kowa. Manyan kamfanoni da bankuna ma haka suke yi. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai zuwa bincike daban. Abin da suke biyan ma'aikata albashi su yi, mu muna yin shi da kwado uku da tabarma.

To bari mu tuna wa juna.

Na farko, mai akwati ba ta riƙe mabuɗi. Mabuɗai uku, mata uku, gida uku, kuma ba cikin shugabanni ake zaɓensu ba. In ɗaya za ta yi tafiya, a gaban taro za ta miƙa nata ga wadda taro ya yarda da ita.

Na biyu, masu ƙirga biyu su ƙirga da ƙarfi, su faɗi jimilla kowa ya ji, mu maimaita. Mako mai zuwa, kafin a buɗe akwati, shugaba ta tambaya: nawa muka rufe? In abin da ke ciki ya saɓa wa abin da muka riƙe a ka, ba a ci gaba da zubi sai an gano dalili. A ƙauyen nan da muka je, an yi watanni ana jefa zubi cikin jaka ba a zazzage ta ba.

Na uku, bashi a taro ake bayarwa, a taro ake biya. Ba a soro ba, ba a bakin rijiya ba, ba a kasuwa ba. Shugaba ma in tana so, ta nema kamar kowa. A rubuta a kaye: suna, adadi, ranar biya. Malamai sun karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Saboda haka wadda ta ce a rubuta ba ta yi rashin kunya ba.

Na huɗu, kuɗin taimako na rashin lafiya da rasuwa su zauna a jakarsu daban, kada su gauraya da na bashi.

Na biyar, kaye ya kwana cikin akwati. Mu da muka yi yaƙi da jahilci, nauyi ne a kanmu mu karanta shi a bayyane, kuma lokaci lokaci wata dabam da mai rubutun ta karanta. In mace ɗaya ce tak ta iya karatu a ƙungiya, a tura ƙarin biyu aji tun bana.

Waɗanda suka fara ajiya a waya, ku kula: lambar sirri ita ce mabuɗi. Kada wayar da lambar su taru a hannu ɗaya, kuma a karanta saƙon abin da ya rage a kowane taro.

A ƙauyen can an sasanta. Dattawa sun shiga, mai gidan ya ɗauki alkawarin biya kashi uku, an sake zaɓen masu mabuɗi. Amma mata huɗu sun fita, kuma har yau Inna ba ta zama a gaba wurin suna ko biki. Kuɗi na dawowa, wannan kuwa sai a hankali.

Taron wannan mako, kafin a fara zubi, kowace mai mabuɗi ta ɗaga nata sama a gani. In ɗaya bai zo ba, a tambaya cikin mutunci, amma a tambaya.

Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mana amana. Sai fitowa ta gaba.