A Tara Yaran Shata, Amma Don Me?

Tun da Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a ranar 18 ga Yuni, 1999, ba a rasa masu cewa da za a tara sauran makaɗansa da 'yan amshinsa, su ɗauki kalangu su sake shiga gari, da kiɗansa ya dawo da ƙarfinsa na da. Na sha jin wannan magana a Funtua da Bakori da Malumfashi, musamman bayan kaka, lokacin da manoma suka sayar da auduga da masara, bukukuwa suka yawaita. Ina ganin ya kamata mu auna ta da hankali.

Turawa sun riga mu gwadawa. A Ingila akwai wata ƙungiyar makaɗa mai suna Led Zeppelin, wadda ta watse a 1980 bayan mutuwar mai gangarta. A 2007 sauran ukun suka haɗu a London, ɗan mamacin ya zauna a gurbin ubansa. Mutane miliyoyi suka nemi tikiti. To, amma dare ɗaya aka yi, kuma tsofaffin waƙoƙi aka rera. Begen zamanin da ya wuce shi ya cika zauren.

Namu ya fi nasu wuya, domin su mai waƙarsu yana da rai. Wanda ya san kiɗan Shata ya san a bakinsa waƙa take, nan take yake shirya ta a gaban jama'a, aikin yara su riƙe amshi da kalangu. Dubi bambancinsa da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991: shi yaransa sukan karɓe baiti daga bakinsa su ƙarasa, saboda haka rabin waƙar yana hannunsu. Yaran Shata kuwa, in sun taru yau, wa zai ja su amsa? Kowa ya tsaya a gurbin nan, da Shata za a gwada shi, kuma tsohon kaset zai kayar da shi.

Duk da haka ina goyon bayan a tara su, tun ƙasa ba ta rufe idonsu ba. A wurinsu labarin yake: wa aka yi wa waƙa kaza, a wane gari, me ya jawo ta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ta nuna aikinsa abin nazari ne. Saura mu malamai da ma'aikatan hukuma. Mu gayyato dattawan nan makarantunmu, a ɗauki muryarsu, a rubuta, su koya wa yara kiɗa. Mai basira daga cikin yaran ya yi waƙar zamaninsa da bakinsa.

Allah ya jiƙan Shata, ya sa mu gane.